Kan Sandar da Zai Shekara Ashirin

Duk Bahaushen da ya shekara biyu a unguwar Woolwich ta Landan ya san Malam Hamdan Maje. Ko bai san fuskarsa ba ya san hannunsa, don da wuya ka shiga gida a unguwar nan ka rasa abin da hannun nan bai ƙwanƙwasa ba kafin a saya. Firij, mota, tukunya, rigar sanyi, har doyar kasuwar Rye Lane. Kada ku ɗauka sana'arsa ce, ko sisi ba ya karɓa. Aikinsa na cin abinci gadi ne a ƙofar wani ofis da ke Northumberland Avenue, kusa da Charing Cross, inda ya shekara goma sha tara yana duba katin wuyan mutane. Zaɓen kaya kuwa baiwa ce, in ji shi, kuma gadonta ya yi.

Ni sunana Fauziyya, taubashiyarsa ce. Mahaifiyarsa da mahaifina ciki ɗaya suka fito, saboda haka ina da izinin faɗa masa abin da kowa ke jin nauyin faɗa. In ya karanta wannan ya ji haushi, ya nemi ruwan sanyi ya sha.

Mahaifinsa dillalin shanu ne a kasuwar Wudil, kuma tun Hamdan yana ɗan shekara bakwai yake buɗe bakin rago yana duba haƙora. Ya zo Landan yin digiri na biyu kan kiwon dabbobi. Da ya gama, ya duba gabas ya duba yamma bai ga saniya ko ɗaya a bakin kogin Thames ba, sai ya karɓi rigar gadi, wai kafin abu ya samu. Har yau abin bai samu ba. Amma idon dillali bai mutu ba. In layya ta zo, kowa a nan waya yake ɗagawa ya yi booking wurin mahauci, a kawo masa nama a kwali. Ban da Hamdan. Shi sai ya hau jirgin ƙasa ya tafi wata gona a Kent, ya sa Baturen manomi ya riƙa riƙe masa raguna ɗaya bayan ɗaya yana leƙa bakinsu. Ranar Sallah a kawo masa nama a kwali kamar na kowa, kuma babu mai iya rantsuwa cewa ragon da ya nuna ne. Shi dai ya zaɓa, hankalinsa ya kwanta.

Dokarsa ɗaya ce tak: ƙarko. Abu in ba zai shekara ashirin ba, a wurinsa ba abu ba ne. Kyau ba ya gabansa, yayi ba ya gabansa. Zai ɗauki kaya ya auna a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya lanƙwasa, ya shinshina, mai shago na tsaye yana haɗiye yawu. Ni kaina ya taɓa zaɓar min rigar sanyi shekarar da na zo ƙasar nan, mai launin taɓo, mai nauyin buhun gero. Wallahi shekara talatin ina addu'ar ta yage in huta, ko maɓalli ɗaya bai cire ba. 'Ya'yansa biyu, Umar Faruq da Zarah, ba su taɓa sanin takalmi daidai ƙafa ba. Kullum da ƙarin lamba biyu, a cusa takarda a gaba, kafin ƙafa ta cika shi an sayo wani mai ƙarin lamba biyu.

Abu ɗaya ne a gidan nan ba shi ya zaɓa ba, wato matarsa Hansai. Ita ta zaɓe shi, a wurin wani biki a Peckham, ta aika masa da saƙo ta bakina. Ta rasu Zarah na da shekara goma sha ɗaya, Allah ya jiƙanta. Umar Faruq ya gama karatu ya sami aiki a Aberdeen. Sai ya rage daga Hamdan sai Zarah a flat ɗin council, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, hawa na uku.

To, bayan rasuwar da shekara guda sai ga wata malamar wasanni a makarantarsu Zarah, Malama Marvellous, ta shigo da buhun tsofaffin sanduna ta ce za ta koya wa 'yan mata lacrosse. Ni ma sai a lokacin na fara jin sunan. Wasa ne da ake yi da sanda, a bakinta an ɗaura wani kai na roba mai raga, kamar abin da ake tsame ƙosai daga mai. Da shi ake cafe ƙwallo, a ruga da ita, a wurga a ragar abokan hamayya. Ƙwallon ba ta kai lemo girma ba, amma in ta same ki a ƙauri za ki kira sunan kakarki. Akwai 'yan gaba, masu kai hari su ci, akwai 'yan baya, masu tarewa. Zarah 'yar gaba ce, kuma ashe yarinyar da ko gaisuwa sai an roƙe ta ta ɗaga murya, in ta riƙe sandar nan wata halitta ce daban.

Kullum ta dawo daga makaranta sai ta sauka bayan gida, wurin bangon gareji, ta yi ta wurga ƙwallo tana cafewa. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, har a kira magariba. Wata tsohuwa a hawa na ɗaya ta rubuta wa council ƙara sau biyu. Amma wanda ya fi kowa mita shi ne uban. Wai wasan 'ya'yan masu hannu da shuni ne, wai ƙarar tana sa masa ciwon kai, wai a Wudil in yarinya ta riƙe sanda to akuya take kora.

Bara waccan, Zarah na ajin ƙarshe kafin sixth form, wato shekara biyun ƙarshe na sakandare, sai ga wasiƙa daga wata makarantar kwana ta 'yan mata, can yamma, tafiyar awa huɗu a jirgin ƙasa. Sun ga wasanta, suna gayyatarta gwaji ranar Asabar ta ƙarshen Nuwamba. In ta ci, shekara biyu kyauta, karatu da ci da kwana. Gurbi ɗaya ne ga 'yar gaba. Malama Marvellous ta ce irin wannan ƙofar sau ɗaya take buɗe wa yarinya daga unguwa irin tamu, kuma Zarah tana so, so ba na wasa ba.

Kai, ku zo ku ga Hamdan! Mutumin da ke cewa wasan korar akuya ne, shi ne ya kai wasiƙar aka manne ta da roba, ya riƙa yawo da ita a aljihun ƙirji. Ya nuna a masallaci, ya nuna wa mahauci, ya nuna wa mutanen da ke shiga ofis yana duba katinsu. A wurin wani suna a Plumstead ya miƙe a gaban maza da mata ya ce, "Ni ba irin iyayen nan ba ne masu danne 'ya'ya mata. Na sa mata albarka, ta je ta nemi abinta." Aka yi ta masa sannu da ƙoƙari. Ni ma na ce masha Allah, bawan gidanmu ya waye.

Saura wata ɗaya gwaji, sanyi ya shigo da ƙarfi, kan sandar Zarah ya tsage. Dama tsoho ne, na buhun Malama Marvellous. Dole a sayi sabo. Wa zai zaɓa? Wannan ma ai ba tambaya ba ce.

Ya ɗauki kwana goma, abin da ban taɓa gani ba, don mota ma a wuni ɗaya yake yanke mata hukunci. Ranar da ya kawo ina gidan. Ya zaro shi daga leda a hankali ya ɗora a tebur: faffaɗa, mai kauri, baƙi ƙirin. Ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa, ya matse gefensa da hannu biyu bai motsa ba, ya ajiye a ƙasa ya hau kai da ƙafa ɗaya.

"Kun gani?" ya ce. "Wannan zai shekara ashirin."

Na yi dariya har da ƙwalla. Na ce, "Hamdan, wasa za ta yi ko daka?" Ya ce in yi shiru, me na sani ban da ƙirga ƙwayoyi a kemis. Zarah kuwa ta ɗauka, ta juya shi sau ɗaya, ta ce, "Na gode, Abba. Allah ya ƙara buɗi."

Da Hausa ta faɗa. Yarinyar nan haifaffiyar Landan ce, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, sai dai in abu ya kai mata wuya. Na ji abin ya ɗan taɓa ni, amma ban bi ta kai ba.

Bayan kwana biyar Malama Marvellous ta kira ni ina wurin aiki, don lambata ce ta biyu a takardun makaranta. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba. Ta ce wane ne ya sayo wa Zarah wannan abin? Na ce wani ƙwararre ne. Ta ce to ƙwararren ya sayo na 'yan baya. Ta zauna ta yi min bayani kamar 'yar aji ɗaya. 'Yar baya tana son kai mai faɗi don ta tare ƙwallo a iska, mai tauri don ta buge sandar wata. 'Yar gaba kuwa siriri take so, marar nauyi, mai matsattsen ciki, yadda ƙwallo za ta zauna daram in tana kutsawa tsakanin mutum uku, kuma ta fita da sauri ta miƙe in ta harba. A cikin wannan faffaɗan, ƙwallo yawo take yi. Jiya kawai Zarah ta zubar da ita sau goma sha ɗaya.

Na ce to a ara mata wani mana. Ta ce ta yi ta yi, yarinyar ta ƙi, wai wannan ne babanta ya zaɓa. "In ta je gwaji da shi," in ji Malama Marvellous, "gara ma ta zauna a gida."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na fara ji. Shekara da shekaru ina jiran ranar da idon Hamdan zai yi kuskure, ga ta ta zo har gida. Na ɗauki hutun rabin wuni, na hau jirgi biyu da bas ɗaya zuwa ɗan shagon da ake sayar da kayan wasan, can kudu maso yammacin gari. Niyyata in sayo na daidai, in kai wa yarinya, sannan in tsokane shi har Sallah mai zuwa.

Mai shagon wata Baturiya ce mai furfura, tsohuwar 'yar wasa. Na ce mata ina neman kai na 'yar gaba, yarinya ce za ta je gwaji a wata makaranta ƙarshen wata. Sai ta cire tabarau ta dube ni ta ce, "'Yar Mista Maje?"

Na ce ikon Allah, a ina ta san shi?

Ta ce sau huɗu ya zo. Da ɗan littafi da biro. Ranar farko bai san ko ta ina ake riƙe sandar ba, ranar ta biyu yana yi mata tambayoyin da masu horarwa ma ba sa yi. Ya jera kai biyar a kan kanta, ya auna kowanne a tafin hannu, ya gangara ƙwallo a cikinsu yana kallon inda take tsayawa, ya tambayi yadda lanƙwasar baki ke sa harbi ya yi sama ko ƙasa. A rana ta uku ya ware guda ɗaya, fari, siriri, ya ce wannan ne na Zarah. Ta ce shekara talatin tana wannan sana'a, ba ta taɓa ganin uba mai ido irin nasa ba, don wanda ita ma za ta zaɓa ke nan. Har ya sa ta ɗaura masa raga yadda 'yan gaba ke so.

"Da ya dawo ɗauka," in ji ta, "ya daɗe riƙe da shi. Sai ya ajiye, ya nuna wancan na 'yan baya. Na ce masa wannan zai cuci 'yarka. Ya ce, na sani, madam."

Ta sunkuya ƙarƙashin kanta ta ɗauko farin. Ga ɗan kati a ɗaure da zare, an rubuta Maje.

Dariyar da na taho da ita tun daga Woolwich ta ƙafe. Ban saya ba. Na yi mata godiya na fito, na tsaya a tashar bas cike da haushi, har bas biyu suka wuce ni.

Da la'asar na sami Zarah a bangon gareji. Ƙarar ma ta canza, ƙwal ɗaya biyu sai ka ji ƙwallo ta gangara ƙarƙashin mota. Na ce ta ajiye sandar nan mu yi magana. Ina ta kewaye-kewaye, ina neman yadda zan faɗa ba tare da na zubar wa uba mutunci a idon 'yarsa ba, sai ta katse ni.

"Anti, na ga littafin," ta ce da Turanci. "Yana aljihun rigar aikinsa. Ya san wanne ne daidai. Har ya ja layi biyu a ƙarƙashi."

Na ce, "To don ubanki me ya sa kika yi shiru?"

Ta ce bara da suka tafi wasa na kwana uku, da ta dawo ta tarar tukunyar miyar da ta bar masa ko buɗewa bai yi ba. Burodi ya yi ta ci a tsaye a kicin. Ta ce ba zai taɓa iya cewa kada ta tafi ba, ya riga ya yi magana a gaban mutane. Ita ma ba za ta iya cewa ta fasa ba, don zai ce shi ya jawo. "Amma in na je da wannan na faɗi," ta ce, "ba wanda ya hana ni, ba wanda na ƙi. It's fine, Anti. Ki bar shi."

Na ce, "Kina son makarantar ko ba kya so?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ina so." Da Hausa.

Ni fa kawaicinmu na Hausawa ina girmama shi, da shi aka raine ni. Amma ranar nan na ji kamar in kama shi in shaƙe. Mutum biyu a gida ɗaya, suna cin tuwo a tebur ɗaya, kowa ya san abin da ke cikin ɗan'uwansa, sun haɗa baki ba tare da sun buɗe baki ba za su jefar da rabon yarinya, kuma kowa yana ganin ladabi yake yi. Yarinyar da ba ta iya karanta Hausa ba, ta ina ta kwaso wannan?

Washegari da rana na je Charing Cross. Na san inda yake cin abinci lokacin hutunsa, wani benci a lambun Embankment. Na same shi da kular shinkafa a cinya. Yana ganina ya washe baki.

"A'a, uwar gidana, yau kuma an sallame ki daga kemis ɗin ne?"

Na zauna na ce, "Na je shagon."

"Wane shago?"

"Inda aka ɗaura wa wani farin abu kati aka rubuta Maje."

Cokali ya tsaya a hannunsa. Sai ya gyara murya ya fara min lacca, wai farin nan holoƙo ne, sanyi ɗaya zai karya shi, shi ba ya sayen abin da ba zai yi ƙarko ba, kowa ya san shi da wannan. Na bar shi ya gama.

Na ce, "Hamdan, ni za ka yi wa dillanci? Tare fa muka ci ƙasa."

Ya kawar da kai. Can ya ce, "Ban hana ta ba. A gaban jama'a na sa mata albarka. In ta ci da wannan, rabonta ne. In ba ta ci ba, haka Allah ya so."

Na ce, "Kada ka ɗora wa Allah abin da ka hau jirgi biyu da bas ka sayo da hannunka."

Ya ce in kama kaina, wasan taubasai yana da iyaka. Na ce ai ba wasa na zo ba. Sannan na faɗa masa abin da ban yi niyyar faɗa ba, don Zarah ta roƙe ni in bar shi.

"Ta sani."

"Wa?"

"'Yarka. Ta ga littafin. Ta san ka sani. Malamarsu ta ba ta aron wani ta ƙi karɓa. Da naka za ta je, ta faɗi, don kada ka ci burodi a tsaye."

Na san Hamdan tun yana yawo ba wando, na gan shi ranar jana'izar Hansai yana ba mutane haƙuri, amma ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ya rufe kular a hankali, ya kasa ɗaura murfin daidai, ya sake gwadawa.

"Fauziyya," ya ce, "ƙarar ƙwallon nan da nake mita a kai. In na sauko daga jirgi, tun daga kwanar titi nake kasa kunne. In na ji ta, na san akwai mutum a gidana."

Tausayinsa ya kama ni, ban ɓoye ba, na yi hawaye a bainar Turawa masu cin sanwici. Amma ban janye ko kalma ɗaya ba. Na ce saura kamar sati biyu, farin yana nan a ƙarƙashin kanta, ni ba zan sayo ba, wanda ya ajiye shi ya je ya ɗauko. Ya duba agogo ya ce hutunsa ya ƙare.

Ranar Asabar ya kira ni wai in zo cin abincin rana. Muna zaune sai ya shigo da leda, yana huci, yana faɗa tun daga ƙofa. Wai ku ji tsohuwar nan mai shago, tsufa ya fara taɓa ta, ashe kayan wani ta haɗa masa, nasa yana can a ajiye da sunansa ɓaro-ɓaro. Ya zaro farin ya ajiye a gaban Zarah. Wannan karon bai hau kai da ƙafa ba.

Zarah ta ce, "Ayya, Abba, kowa yana kuskure."

Ni ma na ce ai Turawan nan sai a hankali. Muka zauna mu uku muna yi wa juna ƙarya cikin mutunci, baiwar Allah mai shago tana can ba ta san an ɗora mata laifi ba. Ya ƙara da cewa shi dai ya faɗa, abin nan ko shekara ba zai yi ba. Zarah ba ta gama cin abincin ba ta sauka ƙasa. Muka ji ƙwal, ƙwal, ƙwal, babu yankewa. Hamdan ya tashi ya rufe taga wai sanyi, ya dawo ya zauna, ya sake tashi ya buɗe.

Ranar gwaji tare muka tafi. Ana yayyafi, fili ya yi caɓa-caɓa, iyayen sauran yara da karnukansu da manyan takalman roba, mu kuma ni da rigata mai launin taɓo, shi da hularsa zanna. Ban gane dokokin wasan ba har yau. Na dai ga Zarah ta kutsa tsakanin 'yan mata uku da suka fi ta tsawo, ƙwallo na zaune a sandarta kamar an liƙa, ta harba. Sau huɗu ta ci. Duk cin da ta yi sai Hamdan ya ɗaga murya ya ce masha Allah, fuskarsa kuwa kamar wanda ake yi wa allura.

Wasiƙa ta zo a Disamba, sun ɗauke ta. Wannan ma ya kai an manne ta da roba. A Satumba ta tafi, da akwatin da ya zaɓar mata, wanda ni da ita za mu iya shiga ciki mu rufe.

A watan Oktoba ya kira ni da murna kamar an yi masa haihuwa. "Ban faɗa ba? Ya karye! Ai na ce ba zai shekara ba!" Ya je shagon ya sayo irinsa sak. Na ce ya aika ta gidan waya, kwana ɗaya ne. Ya ce Allah ya kiyaye, 'yan gidan waya jifa suke da kaya. Ya hau jirgi awa huɗu ya kai da hannunsa, ya ga 'yarsa na minti arba'in tsakanin darasi da atisaye, ya hau jirgi awa huɗu ya dawo. Yanzu suna kan na uku. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zagin abin da ba ya ƙarko, kullum ya kira ta sai ya tambaya ko an fara ganin alamar tsaga.

Har yanzu ana zuwa ɗaukarsa zaɓen firij da mota, kuma har yanzu ana cewa idonsa bai taɓa kuskure ba. Ni dai in an faɗa sai in ce haka ne.

Lahadin da ta wuce na yi miyar kuka na ce bari in kai masa. Ina shan kwanar titinsu da la'asar sai na ji ƙwal, ƙwal. Murna ta kama ni, na ce yarinyar nan ta zo hutu ba ta gaya min ba, za ta gamu da ni. Na zagaya bayan gida.

Hamdan ne, da jallabiya da rigar sanyi a sama. Ya ɗaura baƙin faffaɗan kan nan a tsohuwar sandar Zarah, yana wurga ƙwallo a bangon gareji yana cafewa. Ba ya ko kuskure, don faɗin abin ya yi wa tsoho ɗan koyo daidai. A aljihun ƙirjinsa ga farar ambulan ta leƙo, na gane ta, irin ta council ce. Tsohuwar hawa na ɗaya ta sake rubutawa, wannan karon da sunansa.

Ya gan ni bai tsaya ba. Na ajiye miyar a gefe na tsaya ina kallonsa.

"Duba nan, uwar gidana," ya ce, ya ɗaga min sandar. "Ko ƙwarzane babu. Na ce miki zai shekara ashirin."

Na ce, "Ka faɗa."

"Saura goma sha takwas," ya ce, ya juya ya fuskanci bango.